Albasar Tsauni Ta Zama Haja a Turai: Ina Rabon Tuddan Kauru?

A duk shekara, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, kantunan kayan lambu na Ingila da Jamus da Amurka kan cika da wasu kawunan albasa da ba domin miya ake sayensu ba. Ana binne su a ƙasa kafin hunturu ya kankama, su shafe watanni cikin sanyi, sa'an nan a watan Mayu ko Yuni kowane kai ya fitar da miƙaƙƙen kara, a samansa dunƙulen furanni kamar ƙwallo, mai launin shunayya ko fari. Wannan ita ce albasar ado, kuma kai guda daga cikin manyan irinta yakan fi kwanon albasar miya tsada a kasuwannin ƙasar nan.

Akasarin waɗannan kawuna daga gonakin ƙasar Holan suke fitowa, alhali kuwa asalin shukar ba can yake ba. Gidanta na gado shi ne tsaunukan tsakiyar Asiya, wato jerin duwatsun Tiyan Shan da Famir da Kofet Dag, da kuma tsaunukan Zagros na ƙasar Iran, inda take tsirowa da kanta a gangaren duwatsu ba wanda ya shuka ta. Yadda ciyawar dutse ta tashi daga hannun makiyayan Asiya ta zama hajar attajiran Turai labari ne da ya kamata 'yan kasuwar Kauru da sauran sassan Kudancin Kaduna su yi wa karatun natsuwa, domin akwai dangin wannan haja a bayan gidajensu, ana sharewa da fartanya a kowace damina.

Dangin albasa, wanda masana tsirrai ke kira Allium, ya ƙunshi iri fiye da 900, kuma a cikinsa ne albasar miya da tafarnuwa suke. Ita kanta albasar da ake nomawa a Aliyaru da Kano da Galmi daga wannan yanki na Asiya kakanninta suka fito. A ƙarni na 19, lokacin da daular Rasha ta mamaye yankin Turkistan, masu binciken tsirrai suka bi sahun sojoji suna tono kawuna suna aikawa da su lambun gwamnati da ke birnin San Fitasbug. Shugaban lambun, Eduard Regel, ya wallafa babban littafi a kan dangin albasa a shekarar 1875, kuma shi ne ya raɗa wa da dama daga cikinsu sunayen da ake kiransu da su har yau, ciki har da Allium karataviense ta tsaunin Karatau da ke Kazakistan, da Allium giganteum wadda karanta kan kai tsawon mita ɗaya da rabi.

Bayan masana sai 'yan kasuwa suka shigo. Kamfanin Van Tubergen na garin Harlem a Holan ya riƙa tura mutanensa zuwa Asiya ta Tsakiya da Iran domin su kawo sababbin kawuna. Manoman Holan suka rena su, suka zaɓi masu kyawun fure, suka aurar da wani iri da wani har suka fitar da nasu, irin su Purple Sensation da Globemaster. Abin ya kai ga cewa a shekarar 1993, da wani masani Bajamushe ya gano cewa wata albasar ado da aka daɗe ana sayarwa da sunan wata dabam iri ce mai zaman kanta, sai ya sa mata suna Allium hollandicum, wato albasar Holan. Shukar da ta fito daga duwatsun Asiya ta wayi gari tana amsa sunan ƙasar da ko tsauni ba ta da shi.

Ƙasar Holan ba ta kai Jihar Kaduna faɗin ƙasa ba, amma tana noma kawunan furanni a fili fiye da hekta 20,000, kuma ita ce ke riƙe da kaso mafi tsoka na cinikinsu a duniya. Kasuwar gwanjon furanni ta Alsmiya, kusa da birnin Amsterdam, ita ce ake dubawa a san farashin fure daga Nairobi har Tokiyo. Su kuwa mazauna tsaunukan da shukar ta fito, abin da ya rage musu shi ne tonon ta dawa domin ci da ɗan sayarwa. A Iran ana yanka wata daga cikinsu, mai suna musir, a busar a zuba cikin kindirmo, a Uzbekistan da Tajikistan kuma ana jiƙa wadda suke kira anzur. Yawan tono ya sa ta yi ƙaranci a wurare da dama, har hukumomi suka sanya wasu irinta cikin jerin tsirran da ake gudun ɓacewarsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nahiyar Afirka ma ta ɗanɗana irin wannan. A shekarar 1892 wani jami'in mulkin mallaka na Jamus, Walter von Saint Paul, ya tsinci wata 'yar shuka mai shuɗin fure a yankin tsaunukan Usambara na ƙasar Tanzaniya ta yau, ya aika da irinta gida. Daga nan ta zama ɗaya daga cikin furannin ɗaki da aka fi saye a Turai da Amurka, ana kiranta Saintpaulia, yayin da wasu irinta na dawa ke neman ƙarewa a mahaifarsu saboda saran daji.

Ƙaramar Hukumar Kauru, wadda ta yi iyaka da Lere da Zangon Kataf da Jihar Filato, ƙasa ce ta tuddai da duwatsu da rafuka, kuma masarautunta na Kauru da Kumana da Chawai sun dogara ne a kan noman masara da shinkafa da dawa da citta da rake. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan wani mai jari ya ga hoton albasar ado a intanet, ya tuna da sanyin tuddan yankin, ya yi tunanin shigo da kawunanta ya shuka. Shawarar da ta dace da irin wannan mutum ita ce ya riƙe kuɗinsa. Albasar tsaunukan Asiya ba ta fure sai kanta ya yi makonni masu yawa a jere cikin sanyin da bai kai digiri 10 ba, irin wanda ƙanƙara ke lulluɓe ƙasa da shi, sa'an nan kuma tana bukatar busasshen rani bayan furen domin ta huta. Hunturun Kauru, har ma da na Jos mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, sanyin dare ne da asuba wanda rana ke korewa kafin hantsi. Daminar yankin kuwa, mai tsawo da yawan ruwa, ruɓar da kan za ta yi. Ana iya yi mata dabara da ɗakin sanyi, amma duk wanda ya san tsadar lantarki da man gas a ƙasar nan ya san inda lissafin zai ƙare. Idan ma ta yi fure sau ɗaya, baɗi sai an sake sayo iri daga Holan da kuɗin musaya.

Abin da ya fi dacewa a ɗauko daga wannan labari shi ne dabarar cinikin, a ɗora ta a kan tsirran da Allah Ya hore wa ƙasar. Dazuzzuka da tuddan Arewacin Nijeriya, daga Kudancin Kaduna zuwa Filato, suna da nasu shuke-shuken masu kai a ƙasa, waɗanda ke fitowa da ruwan farko. Tun a shekarar 1916 likitan nan J. M. Dalziel ya tattara sunayensu na Hausa a littafinsa na sunayen tsirrai. Akwai albasar kwaɗi, mai manyan furanni farare da ratsin ja, wadda masana ke sanyawa cikin jinsin Crinum, kuma gida ɗaya suka fito da albasar miya a wurin masu ilmin tsirrai. Akwai wata 'yar gidan, Scadoxus multiflorus, mai jan fure dunƙulalle wanda duk wanda ya gan shi zai ce ƙanwar albasar ado ce, kuma kamfanonin Turai sun daɗe suna sayar da kawunanta. Akwai albasar kura, wadda makiyaya suka sani saboda illarta ga dabbobi. Akwai rumana, da gatarin kurege, da takalmin zomo, wanda shi ne furen da ke ƙarƙashin dawakin tambarin Nijeriya.

Biyu daga cikin waɗannan sun riga sun tabbatar da darajarsu a kasuwar duniya. Rumana, wato Gladiolus dalenii, tana cikin manyan iyayen furen giladiyolas da ake sayarwa a ko'ina a yau. Turawa sun ɗauke ta daga kudancin Afirka a shekarun 1820, suka sa mata sunan wani shugaban lambun tsirrai na birnin Rotadam, suka aurar da ita da wasu. Gatarin kurege kuwa, wato Gloriosa superba, shi ne furen ƙasa na Zimbabuwe, ana nomansa a Holan da Japan domin ado, manoman Jihar Tamil Nadu ta Indiya kuma suna nomansa domin 'ya'yansa, waɗanda ake tatsar sinadarin kolcisin daga cikinsu a yi maganin wani nau'in ciwon gaɓoɓi. A nan gida ana ganinsa a bakin gona a matsayin ciyawa mai dafi da ake hana yara taɓawa. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Masu ja da wannan magana suna da hujjojinsu, kuma ba na wasa ba ne. Za su ce mutanen da ke fama da hare-haren 'yan bindiga, da lalacewar hanyoyi, da tsadar taki, ba fure ne a gabansu ba. Za su ce Kenya da Habasha, waɗanda ke samun maƙudan kuɗaɗen musaya daga furanni, suna da tuddai masu tsawon kusan mita 2,000 irin na tafkin Naibasha, da jiragen sama masu tashi kullum zuwa Turai, da ɗakunan sanyi tun daga gona har filin jirgi, abubuwan da Kauru ba ta da ko ɗaya. Za su ƙara da cewa shuka mai kai takan ɗauki shekara uku ko fiye daga tsaba zuwa fure, kuma ƙaramin manomi ba ya iya jiran haka.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai rufe ƙofar ba. Abin da Kenya ke fitarwa yankakken fure ne mai yaushi cikin kwanaki, shi ya sa sai da jirgi da ɗakin sanyi. Kai kuwa, idan aka tono shi lokacin hutunsa aka sha masa iska, yakan jure makonni a cikin kwali, ya bi mota kamar sauran amfanin gona. Manomin Kudancin Kaduna ba baƙo ba ne ga abin da ake binnewa a tono. Kusan shekara ɗari ke nan yankin yana noman citta domin kasuwar waje, kuma mutanensa sun ƙware wajen zaɓen iri da rufe kunya da ciyawa da adana iri har wata damina. Haka nan ba a ce a bar masara a koma fure ba. 'Yar kadada a bayan gida, wadda mata da matasa za su kula da ita, ta isa a fara.

Bugu da ƙari, annobar da ta faɗa wa citta a daminar 2023 ta nuna haɗarin dogara ga haja guda. Cutar ta cinye gonaki a Kachiya da Jaba da Kagarko da Jama'a da maƙwabtansu, hukumomin tarayya kuma suka ƙiyasta asarar da ta haura Naira biliyan 12. Gidajen da suka zuba dukkan jarinsu a citta sun daɗe ba su farfaɗo ba. Yankin na bukatar ƙarin hanyoyin samun kuɗi ko da ƙanana ne, kuma annobar ta koyar da cewa duk sana'ar da ake yaɗa irinta ta hanyar kai ko saiwa, tsabtar iri ita ce jarinta na farko.

Kasuwar da za a fara nufa ita ce ta cikin gida. Masu sayar da fulawa sun cika gefen titunan Abuja da Kaduna da Legas, otal-otal da rukunonin gidaje da ma'aikatu suna kashe kuɗi wajen ƙawata harabarsu, masu shirya bukukuwa kuma suna sayen furanni daga manoman Jos, wasu ma daga ƙasashen waje. Shukar gida tana da fifiko a wurin irin waɗannan masu saye, domin ta saba da rana da ruwan ƙasar, tana barci da rani ba tare da ban ruwa ba, ta farka da kanta idan damina ta faɗi. Sai an kafu a wannan kasuwa, an san irin da ke karɓuwa da farashinsa, sa'an nan a yi maganar ƙetare da takardun shaidar lafiyar shuka da hukumar killace kayan gona ta ƙasa ke bayarwa.

Akwai tarko guda da ya wajaba a kauce masa tun daga farko, wato tonon dawa. Da zarar an ji cewa albasar kwaɗi tana kuɗi, dillalai za su bazama ƙauyuka da buhuna, a tone tuddai cikin damina biyu ko uku, farashi ya faɗi, shukar ta ɓace. Ƙasar Turkiyya ta bi ta wannan hanya. A shekarun 1980 ana fitar da miliyoyin kawunan furannin dawa daga tsaunukan Toros zuwa Holan a kowace shekara, mai tono yana samun abin da bai taka kara ya karya ba, har wasu gangarori suka zama fayau. A shekarar 1989 aka sanya wasu daga cikinsu ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai, gwamnati ta ƙayyade adadin da za a fitar, kuma a farkon shekarun 1990 aka fara koya wa ƙauyawa renon kawunan a gonakinsu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tuddan Kudancin Kaduna ma a halin yanzu suna fama da ƙunar daji da feshin maganin ciyawa da faɗaɗa gonaki, waɗanda ke rage waɗannan tsirrai tun kafin wani ya yi tunanin sayensu.

Batu na biyu shi ne mallaka. Yarjejeniyar kare halittu ta birnin Riyo ta 1992, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1994, ta tabbatar wa kowace ƙasa iko a kan albarkatun tsirranta, yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kuma ta tanadi raba riba da al'ummomin da aka samo albarkatun a wurinsu. A Afirka ta Kudu an ga amfanin haka a 2019, lokacin da masana'antar shayin roibos ta amince ta riƙa biyan al'ummomin Khoi da San kashi 1.5 cikin 100 na farashin ganyen a bakin gona. A ƙasar Hausa ma akwai misali. Lokacin da wani kamfanin iri na wata ƙasa ya nemi rajistar albasar Galmi da sunansa a shekarun 2000, manoma da gwamnatin Nijar sun tashi tsaye har aka janye, daga baya kuma aka yi wa albasar rajista a matsayin hajar da sunanta ke ɗaure da yankinta.

A Nijeriya, dokar kare haƙƙin masu fitar da sabon iri, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a 2021, ta ba wanda ya samar da sabon iri ikon cin gajiyarsa shi kaɗai har shekara 20. Sai dai ya kamata 'yan kasuwa su lura cewa dokar ba ta kare shukar dawa yadda take a daji. Tana kare irin da aka inganta ne, wanda ya bambanta da sauran, kuma 'ya'yansa ke fitowa iri ɗaya a kowane zubi. Ma'ana, wanda ya riga zaɓe da reno da rajista shi ne mai riba, ko ɗan Kauru ne ko ɗan Harlem.

Saboda haka aikin da ke gaba a bayyane yake. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda tsangayarta ta aikin gona ke Kafanchan, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su ne suka fi cancanta su zagaya tuddan Kauru da Chawai da Kagoro a farkon damina, su rubuta abin da ke akwai da inda yake da sunansa a harsunan mutanen wurin, tare da neman izinin sarakuna da dagatai. A ajiye samfurinsa a cibiyar adana irin shuka ta ƙasa da ke Ibadan. Cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT ta gwada hanyoyin yaɗa shi daga tsaba da kuma a ɗakin gwaji, domin a sami iri marar cuta ba tare da an taɓa na dawa ba. Majalisar ƙaramar hukuma da masarautu su hana fitar da kawunan dawa da buhu tun kafin a fara. 'Yan kasuwa kuma, musamman dillalan citta na Kafanchan da Kachiya da masu lambunan fulawa na Kaduna da Abuja, su zuba ɗan jari a gandun reno guda ɗaya ko biyu, su ƙulla yarjejeniya a rubuce da ƙungiyoyin mata manoma a kan farashi da lokacin saye. Wajibi ne kuma a wayar wa masu reno kai cewa da yawa daga cikin waɗannan tsirrai guba ne idan aka ci, kada a ajiye su kusa da abinci ko inda awaki ke kaiwa.

Wannan ba sana'ar kuɗin dare ɗaya ba ce, kuma duk wanda ya zo yana tallar hannun jari a gonar furanni da alkawarin riɓanya kuɗi cikin wata shida, a tuna masa da abin da ya faru a Holan ɗin kanta a watan Fabrairun 1637, lokacin da farashin kawunan furen tulif ya yi tashin gwauron zabo sa'an nan ya rikito cikin 'yan kwanaki. Arzikin da Holan ke ci a yau ta tara shi ne bayan wannan faɗuwa, ta hanyar haƙurin manoma da binciken jami'o'i da riƙon amana a ciniki na tsawon ƙarnoni. Kauru ba ta bukatar jiran ƙarni, domin ilmin yana nan a rubuce kuma dokar tana nan a ƙasa. Abin da ake jira shi ne mai jarin da zai yarda ya yi haƙurin shekara biyar. In ba a same shi a gida ba, ba makawa za a same shi a waje, kuma ranar da albasar kwaɗin tuddan Kauru ta dawo Abuja cikin kwali da sunan wani kamfanin ƙetare, da dala za a saye ta.